Ƙananan motocin gudu na hannu a Yamai: tambayoyi da amsoshi kan farashin saye da na sayarwa

Sana'ata dillancin mota ce, kuma Corolla da RAV4 da Hilux su ne abincina. Ƙananan motocin nan marasa nauyi masu kujera biyu sha'awa ce kawai ta haɗa ni da su. Amma tun da aka fara ganin ɗaya biyu suna gilmawa da daddare a sabon titin filin jirgi, wanda aka yi don taron Tarayyar Afirka na 2019, samari ba su bar wayata ta huta ba. Ga tambayoyin da suka fi yawa, da abin da nake amsa musu.

Malam, wai waɗanne motoci ake nufi da marasa nauyi?

Motoci ne da aka ƙera don daɗin tuƙi, ba don ɗaukar iyali ko buhun gero ba. Saurinsu daga rashin nauyi yake fitowa, ba daga girman inji ba. Land Cruiser V8 ta haura kilo 2,500. Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989 da fitilu masu ɗagowa, ba ta kai kilo 1,000 ba. Lotus Elise ta 1996 kilo 725 ce kacal, ka ga ko sulusin V8 ɗin ba ta kai ba.

Waɗanda ɗan Nijar zai iya cin karo da su: MX-5 a zubinta huɗu (NA ta 1989, NB ta 1998, NC ta 2005, ND ta 2015), Toyota MR2 ta ƙarshe da aka yi daga 1999 zuwa 2007, Honda S2000, Toyota GT86 da tagwaininta Subaru BRZ na 2012, sai BMW Z3 da Porsche Boxster ta farko. Elise da Alpine A110 ta 2017 kuwa a waya za ka fi ganinsu.

To gaya mini kai tsaye, nawa ne?

Wanda duk ya yanke maka farashi ɗaya bai ga motar ba, yaudararka yake yi. Corolla tana da kasuwa: ka tambayi dillalai biyar, amsarsu ba za ta yi nisa da juna ba. Waɗannan ba su da kasuwa a Yamai. Farashinsu a waje ake sa shi, mu sai dai mu ɗora kuɗin hanya.

Lissafin farko mai sauƙi ne, tunda sefa a ɗaure take da kuɗin Turai: yuro 1 daidai yake da sefa 655.957, ba ya motsi. A ce ka ga MX-5 a intanet ana neman yuro 6,000. Wannan miliyan 3 ne da jika 936. Wadda aka sa wa yuro 20,000 kuwa miliyan 13 da jika 119 ke nan, tana can tsaye a ƙofar gidan mai ita a Faransa ko Beljiyam. Daga nan sai kuɗin jirgin ruwa, kuɗin tashar ruwa, ladan taransiter, kuɗin hawowa da ita, duwan da harajin TVA na kashi 19 cikin 100, sannan kartigiris da asiransi. Kuma ƴan duwan ba rasit ɗinka kaɗai suke bi ba, suna da nasu ƙiyasin bisa shekarar mota da girman inji.

Abin da mutane ba sa lura da shi: jirgi da tasha da hanya ba ruwansu da ko motar ta yuro 4,000 ce ko ta 25,000, gurbi ɗaya take ci. Don haka mota mai araha ita kuɗin hanya ya fi dannewa. Idan ta iso sai ka tarar abin da ka kashe a kanta bai yi kama da darajarta ba.

Jerin tsada kuwa sananne ne. A ƙasa akwai MX-5 ta NB da NC, da MR2, da Z3 mai ƙaramin inji. A tsakiya GT86 da BRZ da MX-5 ND. A sama S2000, sai Elise da A110. S2000 mai lafiya, mai sitiyari a hagu, da wuya ka same ta a Turai ƙasa da yuro 20,000.

Ta yaya motar 2002 za ta fi ta 2012 tsada? Ba tsufa ke karya mota ba?

Ga motar aiki haka ne. Ga waɗannan, farashi sauka yake yi shekara da shekaru har ya taɓa ƙasa, ya ɗan zauna, sannan idan masu sonta sun fi ragowar da ke kan titi yawa, ya juya ya fara hawa.

Ɗauki S2000. Honda ta ƙera ta daga 1999 zuwa 2009, kimanin guda 110,000 duka duniya, ta rufe. Injinta na lita 2 yana ba da ƙarfin doki 240 ba tare da turbo ba, yana juyi har 9,000 a minti. Ba wanda ke yin irinsa yau, dokokin hayaƙi ma ba za su bari ba. Kowace shekara wasu na mutuwa a haɗari, wasu tsatsa ta cinye su. Yaran da suka gan ta a wasan kwamfuta suna ƴan shekara goma sha, yanzu su ne masu albashi. Lotus ma ta daina Elise a 2021, sai masu ita suka riƙe.

Akwai kuma dokoki biyu da ke jan tsofaffin. A Amurka, motar da ta cika shekara 25 ana iya shigo da ita ko da ba a ƙera ta bisa ƙa'idar ƙasar ba, shi ya sa Amurkawa ke kwashe motocin Japan na shekarun 1990. A Faransa, mai shekara 30 tana iya samun kartigiris na motar tarihi. MX-5 ta farko ta riga ta shiga wannan sahu. Ga kuma ƙarancin sabbin motoci da aka yi bayan korona, daga 2021 zuwa 2022, wanda ya ɗaga duk wata mota ta hannu.

MX-5 gaba ɗayanta ba ta yi tashin S2000 ba saboda yawa: a 2016 Mazda ta ƙera ta miliyan ɗaya. Abin da ya yi yawa ba ya tsada, sai wadda aka adana da kyau.

Ashe ke nan idan na saya na ajiye, riba zan ci?

Nan ne nake ɓata wa mutane rai. Tashin da kake karantawa a can yake faruwa, ba a nan ba. Kasuwar Turai ce ke sa maka farashin saye, kasuwar Yamai ce ke sa maka na sayarwa, kuma ba su san juna ba.

Zauna ka ƙirga masu iya sayen motarka. Dole ya zama yana da wata motar ta zuwa aiki da kai yara makaranta, don kujera biyu ba ta ɗaukar uwargida da goyo da kayan cefane. Dole gidansa ya kasance bakin kwalta, don tsakanin cikin motar da ƙasa bai wuce santimita 13 zuwa 14 ba, Hilux kuwa ta haura 20. Ka fita daga manyan titunan Filato ko Kwara Kano ka shiga layin yashi, ko ka gwada wasu unguwannin Harobanda a watan Agusta, za ka gane. Dole kuma ya iya jure surutu, don a garin nan dattijon da ya shiga mota marar rufi sai an tambaya ko lafiya. Idan ka tace duk wannan, mutanen da suka rage ba su cika zaure ɗaya ba, kuma yawancinsu sun san juna, sun san motarka, sun san ranar da ta bugi tudun rage gudu.

Wani ƙanen abokina ya shigo da MX-5 NB, ja, tsaf da ita. Ya more ta sanyi ɗaya. Da aure ya taso ya kawo mini ita in nema masa mai saye. Masu ɗaukar hoto a jikinta sun fi ƙarfin ƙirga, masu tayi kuwa uku ne cikin wata bakwai, kowanne sai da muka ce albarka. Corolla huɗu suka shiga suka fita ta hannuna tana nan tana kwantai. A ƙarshe ya sallama ƙasa da abin da ya kashe, don ranar ɗaurin aure ba ta jiran kowa.

Wani zai ce a mayar da ita waje a sayar. Ana iya kai ta Lome ko Abijan ko Abuja, inda masu sha'awa suka fi yawa. Sai dai duwan da ka biya a Nijar ya tafi ke nan, mai saye a can zai biya nasa, kuma daga kuɗinka zai cire. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka saya da kuɗin da za ka iya mantawa da su shekara biyu, ba jarin shago ba.

Wacce ta fi riƙe daraja a nan gida?

A ganina GT86. Tana da rufin ƙarfe, tana da kujerun baya ko da na yara ne, tana da but da zai ɗauki jaka biyu, kuma a goshinta an rubuta Toyota. Ɗan Nijar yana ganin wannan tambari hankalinsa ke kwanciya. BRZ mota ɗaya ce da ita, masana'anta ɗaya a Japan, amma sunan Subaru kaɗai ya isa a rage maka tayi. Scion FR-S ta Amurka ma ita ce dai.

Kada tambarin ya ruɗe ka fa. Injin na Subaru ne, silinda huɗu a kwance biyu na fuskantar biyu, kuma kayan Corolla ba sa shiga. Canjin fulogi kaɗai aiki ne.

MR2 ta ƙarshe ita ce akasin haka. Injinta 1ZZ ne mai lita 1.8, irin na Corolla da Avensis na farkon shekarun 2000, kowane makaniki a Yamai ya sha buɗe shi, kayansa na hannu kuma suna nan birjik. Matsalarta injin a bayan direba yake, wurin kaya kusan babu, kuma gilashi ko fitila ko bamba idan suka fashe sai an yi oda.

Boxster da Z3 suna jan ido saboda suna, amma mai saye na biyu tsoron kuɗin gyara yake ji. Boxster mai araha ita ce motar da ta fi kowace tsadar riƙewa a wannan jeri.

Rufe iyakar Benin ya shafi farashi?

Sosai. Kafin Yulin 2023 yawancin motocinmu ta Kwatano suke sauka, su hawo kilomita 1,000 da ɗoriya, su ƙetare gadar Malanbil zuwa Gaya, su biyo Doso. Tun da aka rufe, hanyar Lome aka koma, a ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori, a shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanyar ta fi tsawo, jira ya fi yawa, kuɗi ya ƙaru. Motar da ke daf da ƙasa kuma ba a ba direban ayari ya tuƙo ta, sai a ɗora ta kan babbar mota, wani kuɗin ke nan. Saboda haka idan akwai wadda ta riga ta shigo, an biya mata duwan, takardunta sun cika, fara da ita kafin ka yi tunanin oda. Idan oda ce dole, sa taransiter ɗinka ya tabbatar maka da dokar shekarun mota da kuɗin duwan kafin ka tura ko dala.

Giyar hannu ko otomatik?

A Turai mai giyar hannu ta fi daraja nesa ba kusa ba, don ita masu sha'awa ke nema. A Yamai otomatik ta fi saurin samun mai tambaya, ƴan gayu ba sa son taka kulochi a cunkoson gadar Kennedy. Ni ta hannu nake ba da shawara: gyaranta ya fi sauƙi, kuma tana da mai so a ciki da waje. S2000 dai ba a taɓa yin ta otomatik ba, idan an ce maka akwai, an taɓa ta.

Na ga na Ingila da Japan sun fi araha ƙwarai. Me ya sa?

Sitiyarinsu a dama yake. Mu dama muke bi a titi, ka ga direba yana can gefen hanya. A mota mai tsawo ma wuce babbar mota da wahala, balle wadda kake zaune kusan a ƙasa. Rangwamen da ka samu wajen saye, ninkinsa za a cire maka wajen sayarwa. Mayar da sitiyari hagu a garejin unguwa kuwa kashe motar ne.

Na gwanjon Amurka fa, Yaya?

Yawancin GT86 da FR-S da Miata (sunan MX-5 ke nan a can) da ke shigowa Afirka ta Yamma da araha daga gwanjon kamfanonin inshora suke, irin su Copart da IAAI. Motoci ne da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Ba duka ne marasa amfani ba, amma motar gudu ba a cika buga ta a hankali ba. Karɓi lambar shasi, haruffa da lambobi 17, ka sa a intanet. Sau da yawa hotunan ranar gwanjo za su fito maka. Idan bamba da fitila ne, da sauƙi. Idan jakar iska ta fashe, ko taya ta shige ciki, ko ka ga laka a ƙarƙashin kujera, bar musu kayansu. Ka tuna kuma agogonsu mil yake ƙirgawa: mil 100,000 kusan kilomita 161,000 ne.

Wanda zai saya a hannunka shi ma yana da waya, zai duba. Gara ka faɗa masa da bakinka.

Me zan duba a kowace kafin in biya?

MX-5 daga Turai: tsatsa, kafin komai. Gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin gefen ƙasan ƙofa da bakin tayoyin baya, a NB kuma har ƙarafan shasi na gaba. Inji yana iya zama lafiya lau alhali gindin motar ya ruɓe. Kada ka yarda da hoton sama, a ɗaga ta a ɗauko maka na ƙasa.

MR2 ta shekarun farko an san ta da shan man inji, da kuma ƙaramin matacin hayaƙi da ke kusa da inji wanda kan farfashe, ɓaraguzansa su koma cikin silinda. GT86 da BRZ na 2012 da 2013 an yi musu kiranye a 2018 saboda sifirin ɗin bawul, nemi takardar da ta nuna an yi aikin. Boxster ta farko tana da wata boris a cikin inji da ake kira IMS, idan ta watse inji ya tafi. Elise mai injin Rover gaskit ɗin kan inji take ƙonawa, abin da makanikanmu ke kira juwan kilas, ga kuma zafin Afrilu a nan. Daga 2004 ne aka fara sa mata injin Toyota. Shasinta kuma na alminiyom ne da aka manna da gam, ba aikin mai walda ba ne.

Kowace ce dai, tayar da ita da sanyin safiya, ka kuma bar ta a kunne da kilim na rabin awa da rana tsaka kana kallon allurar zafi.

Ƙarancin kilomita ko takardun gyara, wanne ya fi?

Takardu. Agogon kilomita ana mayar da shi baya a tashar ruwa kafin ka sha shayi. Littafin gareji da rasit ɗin shekaru ba sa ƙirƙiruwa da sauƙi. Dubi sitiyari da fedal da gefen kujerar direba, su ba sa ƙarya.

Idan na sa mata manyan ƙafafu da salansa mai ƙara da fiffike, ba za ta ƙara kuɗi ba?

Ragewa za ta yi. Mai sayen irin wannan mota yadda kamfani ya fito da ita yake so, ƙarin da ka yi kuwa shaida ce a wurinsa cewa an wahalar da ita. Wanda ya ƙara sauke ta ƙasa a titin Yamai kam ban san me zan ce masa ba. Idan ka canza wani abu, adana na asalin a ɗaki, ranar sayarwa ka mayar.

Yanayinmu ba zai lalata ta ba?

Tsatsa dai ta tsaya, wannan ribar bushewar ƙasarmu ce. Rana ce abokiyar gaba. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana busar da rufin yadi, ya tsattsage shi, tagar baya ta roba da ke jikin NA da S2000 na farko ta koma rawaya har ba a gani. Sabon rufi oda ne. Don haka mai rufin ƙarfe, ko NC mai rufi mai tauri mai naɗewa, ko wadda ta zo da murfinta mai tauri, ta fi riƙe kuɗi a nan. Motar da ba ta da rumfa a gida shekara biyu sun isa su tsofar da ita.

Ƙurar hunturu kuma tana son a riƙa canza matacin iska da man inji da wuri. Da damina kada ka bi taksi cikin ruwan da ya kwanta, bakin shan iskar waɗannan a ƙasa yake, inji ya shaƙi ruwa sau ɗaya an gama. Sai mai: S2000 da GT86 da Boxster an ƙera su ne don esansi mai inganci sosai. Sha a gidan mai da ka yarda da shi, ka manta da na kwalba a bakin titi.

Ni a Tawa nake. In saya?

Idan don zagaya gari da yamma ne, kuma kana da wata motar, ba laifi. Amma kayan gyara da makanikin da ya san ta suna Yamai, kimanin kilomita 550, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. MX-5 ta NC da ND ba su zo da tayar ajiya ba sam, sai gam da ɗan famfo, kuma siraran tayoyinsu ba kowane mai faci ke da su ba. Rami ɗaya bayan Tsarnawa ya isa ka kwana a hanya. Ranar sayarwa ma Yamai za ka kawo ta.

Yaushe ya fi dacewa in sayar, kuma ta yaya?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwa ya janye, gari ya yi sanyi, mutum zai iya buɗe rufi ya ji daɗi a gwajin farko. Gab da sallah ma samari kan motsa. Da damina ko tsakiyar bazara kuwa ka sa ta a kasuwa, kai ka ce a taya maka da wulaƙanci.

Kada ka kai ta filin sayar da motoci ta yi wata uku a rana tsakanin manyan motoci, ƙura ta rufe ta, kowa ya san ta yi kwantai. Bar ta a rumfarta, ka ɗauki hotuna masu kyau har da na ƙasa da na inji, ka sa a Facebook da zaurukan WhatsApp na masu sha'awar mota, har na Lome da Kano. Ku yanke la'ada da dillali tun kafin mai saye ya zo. Mai son gwaji ya nuna farminsa, kai kuma kana zaune a gefe. Idan ciniki ya faɗa, a rubuta takardar sayarwa, a sa hannu gaban hukuma, kuma kada ka miƙa makulli na biyu sai an fara sauya sunan kartigiris, don duk abin da motar ta yi a titi kafin nan, sunanka za a nema.